Bazarar da Inna Ta Ɗaure Kaya

Shekarar da tsufa ya fara taɓa hankalin Inna, yayana ne ya kira ni a waya, ya ce in zo gida akwai magana. Yayana ba mai ɓarnar katin waya ba ne, shi ya sa ana ba mu hutu na kama hanya.

Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata, kuma ni ce autar gidanmu. Ƙauyenmu yana wajen Watari, inda gona ke jingine da gona. Inna kuwa ba 'yar nan ba ce. Bafulatana ce da aka haifa a ruga, ta tashi tana bin shanu, kudu da rani, arewa in ruwa ya kusa sauka. Babanmu ya auro ta, ta zauna cikin katanga har ya rasu ya bar ta. Ban taɓa jin ta ce tana kewar daji ba. Amma dama Inna ko ƙaya ta taka ba ta cewa wash.

Abin da na tarar shi ne, tun da zafin bazara ya kama, kullum bayan sallar asuba sai ta tattara ƙoranta da maburgi ta ɗaure a tsohon zane, ta ɗora a ka, ta fice ta nufi arewa. Wata rana masu noman rani ne suka tsince ta a bakin babbar magudanar ruwa, ƙafarta ɗaya ta riga ta zame. Yaya ya fito da sabon kwaɗo daga aljihu ya nuna mini.

"Kwaɗo? A ƙofar Inna?" na ce. "Akuya ce?"

"Ke kina can kina rubutu da alli," in ji shi. "Ni ke zagaya gonakin mutane ina cigiyar uwata. In ta faɗa ruwa, ke za ki tsamo ta?"

Gaskiya gare shi, kuma tsoro ne ya sa shi, ba rashin imani ba. Sai dai ni na san ranar da aka kulle Inna, ranar za mu fara rasa ta. Na roƙe shi ya ba ni zuwa ƙarshen hutuna.

Washegari da ta fita ban tare ta ba, na ɗauki mayafina na bi ta. Ta waiwayo ta dube ni, ta ce, "Adda, kin makara." Adda yayarta ce, wadda ta rasu tun kafin a haife ni. Na ji abin har cikin raina, amma na amsa, don ban ga amfanin gardama ba.

Muka bi burtali, muka ratsa gefen gonakin albasa da tumatir. A wani fili da aka gama girbi, shanun wani makiyayi suna kiwo, ga waɗansu ƙananan tsuntsaye masu ciki ruwan ɗorawa suna ta guje-guje tsakanin ƙafafunsu, suna kaɗa wutsiya suna caɓe ƙwari. Muna yara 'yan cirani muke ce musu, don sai an gama damina suke zuwa, kafin ta dawo sun ɓace. Inna ta tsaya ta ƙura musu ido.

"Dubi yadda suka yi ɓul-ɓul," ta ce. "Su ma sun kusa tashi. Mu yi sauri kada shanu su bar mu."

Waɗannan tsuntsaye ina koyar da labarinsu a aji. Daga ƙasashen sanyi suke zuwa, can bayan hamada da teku. In lokacin komawa ya gabato, sauyin tsawon yini da wani agogo da Allah ya dasa a jikinsu su ke tayar da su. Sai ci ya kama su, su tara kitse, shi ne guzurinsu na ƙetare hamada inda babu ci babu sha. Da yawa cikin danginsu ba iyaye ke nuna musu hanya ba. Da alƙiblar ake ƙyanƙyashe su, gado ne a jini. Ko a keji aka reni ɗaya, bai taɓa ganin waje ba, in lokacin ya yi sai barci ya ƙaurace masa, ya yi ta bugun fiffike yana fuskantar inda 'yan uwansa suka nufa.

Na san mutum ba tsuntsu ba ne. Abin da ke damun Inna ba a jini ta gada ba, a ƙuruciya ta sha shi. Tsufa ya share mata sunayenmu, ya bar mata wannan. Amma da na tsaya a bayanta ina kallon siraran ƙafafunta, tausayinta ya kama ni har na yi ƙwalla. Ashe duk shekarun nan tana jin kiran, kunya da haƙuri ne suka hana ta motsi.

Ba mu yi nisa ba ta gaji. Muka zauna a gindin wata tsamiya, na ce mun yada zango, na dama mata furar da na taho da ita. Da ta huta na juya da ita gida, ta biyo ni.

Da yamma na shiga yi wa Yaya bayanin tsuntsu a keji. Ya saurare ni yana gyaran fartanya.

"Ni na ce ki zo mu yi maganar Inna, kin kawo mini tsuntsu."

"Yaya, tsuntsun ba ya dawwama a haka. Kusan kwanakin da tafiyar za ta ci, su yake yi yana fama, daga nan ya natsu. Wa ya sani ko ita ma haka ne? Mu raka ta kawai."

"In ba haka ba ne fa?"

"Wallahi ban sani ba," na ce.

Kullum muka riƙa fita, ni da ita. Ba a jima ba na lura da wani mutum yana biye da mu daga nesa, yana duba albasar da ba tasa ba. Ashe Yaya ne, da na yi masa tsiya ya ce hanya ce ta haɗa mu. Tsuntsayen suka fara raguwa, wata safiya muka je babu ko ɗaya. Inna kuwa ba ta fasa ba. Hutuna ya ƙare, tana nan tana ɗaure kaya, ni kuma ba ni da sauran hujja. Ranar da zan koma Yaya ya rako ni bakin titi, ya ce, "Je ki. Zan riƙa kai ta." Bai yarda mun haɗa ido ba.

Na dawo wata Asabar bayan an yi ruwan farko. Ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta fara tsirowa, mutane sun fita shuka. Muka fita mu uku, Yaya a gaba, ƙaton magidanci da furfura a gemu, ɗauke da ƙunshin ƙore a ka, masu shuka suna ta zolayarsa, suna yi masa barka da ƙaura. Ko a jikinsa.

Ba mu kai tsamiyar ba Inna ta tsaya. Ta sunkuya ta tsinki ɗanyar ciyawa, ta murza ta shinshina, ta dubi gabas da yamma.

"Nan ya yi," ta ce. "Mun iso."

Ta juya wajen Yaya. Shi ne ɗan farinta, kuma saboda kunya irin ta Fulani, tunda nake ban taɓa ganin ta yi masa magana ido da ido ba. Ranar ta kama gefen zanenta ta share masa gumin goshi.

"Sauke kayan, ɗana," ta ce. "Ka sha hanya."

Yaya ya durƙusa ya sauke. Ya daɗe a durƙushe bai ɗago ba, ita kuwa ta zauna a ƙasa tana kwance ƙullin, tana jera ƙoranta a kan ciyawa.