Shekarar da Aka Ce Na Yi Jiki

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Gwadangaji, na yi zazzaɓi irin wanda kowa ke yi da damina. Na sha magani, zazzaɓin ya tafi, amma ya bar mini gajiya. Ba irin gajiyar da mutum zai kwanta ya tashi garau ba. In na share tsakar gida yau, gobe da jibi ina kwance kamar an yi mini duka da taɓarya. Rubutu a allo ma ya koma aiki, in rubuta layi ɗaya in nemi kujera. Wani lokaci ina tsakiyar bayani sai maganar ta ɓace mini, in tsaya ina kallon yara suna kallona.

Na yi ta zarya asibiti har masu ɗibar jini suka san ni. Maleriya babu, taifod babu, ciwon suga babu. Duk sanda aka ce sakamako ya yi kyau sai in ji kamar in fashe da kuka, don ni so nake a samu wani abu, ko mene ne, in dai yana da sunan da zan kai gida. A ƙarshe wata likita ta zaunar da ni ta ce abin da take gani ciwon gajiya ne mai daɗewa, wanda ba ya fitowa a gwaji, kuma ba shi da allurar da za a yi a ce an gama. Ta ce wasu sinadarai sun ɗan yi ƙasa a jinina, don haka za ta ɗora ni a kan ƙwayoyin bitamin. "Amma ki ji ni da kyau," in ji ta, "waɗannan tallafi ne kawai. Wataƙila su taimaka, wataƙila a'a. Babban maganinki shi ne kada ki wuce ƙarfinki, ko da ranar da kika ji dama-dama."

Ni kuwa kunnena kalmar magani kawai ya ɗauka. Na dawo gida na jera robobin a gaban madubi kamar kayan amarya, wata ja, wata rawaya, wata mai ƙarnin kifi. Kullum bayan karin kumallo in yi bisimilla in haɗiye, in zauna ina sauraren jikina ko ƙarfi ya iso. Ƙarfi bai iso ba. Abin da ya iso cin abinci ne. Ga kwanciya, ga shi na ɗauki hutu daga makaranta, rana ba ta dukana. Kafin wani lokaci kumatu suka fito, fata ta murje, rigunana suka fara kama ni. Maƙwabta suka shiga cewa, "Malama, an samu lafiya ke nan." Ni kuma daga ɗaki zuwa banɗaki sai na dafa bango.

Ana haka ƙanwata ta haihu a Argungu. Haihuwar fari ce, ta koma gida wankan jego wurin mahaifiyarmu. Inna tana fama da gwiwa, ni ce babbar 'ya, don haka ba sai an faɗa ba: dafa ruwan wanka, kunun kanwa, wankin jariri, duk nawa ne. Mijina ya ce in kira in ba da haƙuri. Na ce da wane baki? Inna ba ta taɓa ganina ba tun da abin ya fara, a waya kawai take jin ina cewa ba ni da lafiya. Abin da nake so a raina shi ne ta gan ni da idonta ta yarda. Duk duniya in za su ce ƙarya nake ban damu ba, in dai ita ta yarda.

Na zuba robobina a jaka na hau mota. Har muka wuce fadamar shinkafa muka shiga gari kaina na jingine da gilashi.

Ina yin sallama na tarar da goggona, ƙanwar mahaifinmu, zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dube ni sama da ƙasa ta tafa hannu. "Wagga ita ta mara lahiyar? Ku zo ku ga kumatu! Ɗiyata, in hakan ga ciwo yake, Allah shi ba ni irinai." Matan gida suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Na juya wajen Inna. Tana murmushi, irin murmushin uwar da hankalinta ya kwanta. "Alhamdu lillahi," ta ce, "ashe kin ji sauƙi. Aje kayanki, itace na nan bayan ɗaki."

Da na zauna na yi mata bayani a ranar, wa ya sani. Amma yaya za ki ce wa tsohuwa mai dogara sanda ke ba za ki iya ɗaga bokiti ba, alhali kin fi kowa a gidan cika ido? Na ɗaura zani na shiga aiki. Safe da yamma in ɗebo ruwa in cika tukunya, in hura wuta, in juye tafasasshen ruwa a baho in kai bayan ɗaki, in dawo in dama kunu. Kafin in fara sai in faki ido in ƙara ƙwaya ɗaya a kan wadda aka ce in sha, wai don ta riƙe ni. Dubi wauta. Kamar wadda ke ƙara wa keke mai.

A haka goggo ta shigo ɗaki ta same ni da roba a hannu. Ta karɓa ta jijjiga ta kusa da kunne. "Af! Ashe nan sirrin yake. Wanga ai shi na 'yan mata ka sha su yi jiki." Na ce goggo, likita ce ta rubuta mini, na gajiya ne. Ta ce, "Gajiya? Wa ab bai gajiya? Mu da munka yi dashen shinkafa da goyo bisa baya, wace ƙwaya munka sha?" Kafin la'asar duk gidan an ji cewa maganin ƙiba nake sha.

Ranar suna jikina ya karɓi bashinsa. Na buɗe ido na kasa ɗaga kai daga matashi. Gaɓoɓina duk ciwo, hasken ƙofa yana sukar idona, muryar mata a tsakar gida kamar ana buga kwano a cikin kunnena. Ruwan wanka bai dahu ba, mai jego na jira, baƙi sun fara cika gida. Ina jin wata tana tambaya ina babbar yaya, wata ta ce tana ciki tana hutawa.

Can na ji sandar Inna. Ta shigo ta zauna a bakin gado da ƙyar, ta daɗe tana kallona. Zuciyata ta ce yau dai ta gani. Sai ta yi ƙasa da murya don kada a ji a waje, ta ce, "Da kin hwaɗa min ba ki son aikin ga, da na nemi wata. Ba sai kin kunyata ni gaban mutane ba." Ta miƙa hannu ta jawo jakata, ta kwashe robobin ta ƙulle a gefen zaninta. "Ke kin samu abin da kike biɗa. Ɗiyar goggonki bikinta ya matso, ga ta kamar sillen kara. Ita ya kamata ta sha." Ta dogara sandarta ta fita.

Na mayar da fuskata bango. Ba haƙuri ne ya hana ni kare kaina ba, ƙarfin maganar ne babu.

Mijina ne ya zo ya ɗauke ni washegari. Na yi watanni kafin in dawo ko da yadda nake kafin tafiyar. Likitar ba ta yi mini faɗa ba, ta dai sake rubuta ƙwayoyin, ta maimaita abin da ta faɗa tun farko. Wannan karon na ji. Na koyi yin aiki kaɗan in tsaya tun ban faɗi ba, na koyi cewa ba zan iya ba ko da za a zumɓura baki. A hankali, cikin shekaru, na samu sauƙin da ya ishe ni in koma aji. Ko bitamin na da hannu a ciki, wallahi ban sani ba. Amaryar dai, ɗiyar goggo, an ce ta sha abinta har ta ƙarar, kuma biki ya yi kyau.

Abin da na fahimta shi ne, a wurinmu ciwo sai da shaida. Sai an rame, ko an ga ledar ƙarin ruwa a rataye, sannan a zo dubiya da lemo. Wanda ciwonsa bai taɓa fuskarsa ba, shi da malalaci ɗaya ne. Na yafe wa goggo tuntuni, bakinta ne haka. Ta Inna ce har yau take ci mini rai, don ba mugunta ta yi ba. Tsakaninta da Allah ta ɗauka 'yarta ta fari ta guje wa aikin 'yar uwarta, kuma a haka ta yafe mini laifin da ban yi ba.

Da sallar da ta wuce muna zaune a ɗakin Inna, ƙanwata ta binciko wani hoto a waya. Na ranar sunan ne. Ashe da yamma an tashe ni an ɗaura mini ɗankwali an jingina ni da bango, ni ko tunawa ban yi ba. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ba ki taɓa yin kyau irin na shekarar nan ba." Inna ta karɓa ta kai kusa da ido ta ce, "Ai lokacin tana jin daɗinta."

Na amshi wayar na duba. Gaskiyarsu, na yi kyau. Na miƙa wa ƙanwata abinta na ce Allah Ya raya yaro.