Ɗanɗano Ba Ci Ba Ne

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar nan bai san Anti Ƙaro ba, to wallahi ta taga ya shiga. Rumfarta na bakin ƙofar baya, jingine da katangar ɗakunan kwanan 'yan mata: langa-langa a sama, risho biyu a ƙasa, benci mai ƙafa uku da bulo, sai wani kasko da ya yi baƙi har ya fara sheƙi. Taliya take soyawa da ƙwai, sai dankali in an samu. Sunan kuwa ɗalibai suka laƙaba mata, don ba abin da kake ji a wurin sai "Anti ƙaro mai," "Anti ƙaro yaji," "Anti ƙaro ƙwai, Allah ya ba ki miji mai mota."

Ita dai boko bai karɓe ta ba. Tun a ƙaramar sakandare ta gane ita da lissafi ba za su sha ruwa a kofi ɗaya ba, ta tattara ta ba su wuri. Amma in ana hirar ilimi ba ta yin shiru. "Na fi wasu malaman daɗewa a jami'ar nan," in ji ta. "Digirin ne kawai ba su ba ni ba, su ma nauyina suke ji."

Ga ta da wa'azi. Tana tsiyaya mai a kasko kamar mai ban ruwan lambu, tana yi wa 'ya'yan mutane faɗa. "Ku yaran nan kashe kanku za ku yi. Da safe lemon kwalba, da rana biskit, da yamma ku zo ku cika ciki da maiƙo. Kowacce ta buɗe baki sai 'Anti ina da olsa,' kamar wata sarauta aka naɗa ta. Ku dube ni nan, sau ɗaya nake cin abinci a rana. Wannan jikin gado ne."

Jiki kuwa akwai shi, masha Allah. Ƙafar bencin nan ta huɗu ita ta aika ta lahira, kuma da bakinta take ba da labarin.

Ƙanwarta, Auta, a nan jami'ar take karatun aikin jinya. Siririya ce kamar tsinken tsintsiya. Abincinta lemon gwangwanin nan mai hana barci, sai cingam. Ka tambaye ta ko ta ci, ta ce, "Na ci, Yaya," hannunta dafe da ciki.

Ana nan sai Anti ta fara ciwon kai, irin mai sara ta ƙeya. Ranar da ta ga kasko ya zama biyu a idonta, ta fasa ƙwai a wanda babu, Auta ta ja ta asibitin makaranta. Abin awon jini ma sai da aka nemo babba kafin ya zagaye damtsenta.

Likita ya ce, "Jininki ya hau sosai. Sau nawa kike cin abinci a rana?"

"Sau ɗaya, likita."

Ya dube ta, ya dubi sikeli, ya sake dubanta.

Ta ce, "Sikelin naku ne ya tsufa."

Magana ta kai kunnen Inna, mahaifiyarsu. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Haka babanku ya fara, da ciwon ƙeya. Ƙarshen wata za a sake awo. In bai sauka ba, ni da hannuna zan kwance langa-langar nan, ki dawo gida ki zauna." Inna kuwa ba ta maimaita magana.

A rumfar nan ita ce Anti, har masu gemu layi suke bi a gabanta. A gida kuwa sunanta "ke". Ta yi ta rantsuwa ita ba ta cin komai, sharri ne kawai na jini.

Ranar Asabar babu lacca, sai ga Auta da robar wanke-wanke. Ta zauna a bakin risho ta ce, "Yaya, duk sanda cokali ya nufi bakinki, ki juye min nan."

"Wane cokali? Ɗanɗano fa nake yi! Ɗanɗano ba ci ba ne. Mai girkin da ba ta ɗanɗana gishiri ai makauniya ce."

"Na ji. Juye dai."

Aka fara. Kowane kasko akwai ɗanɗanon farko, a ji ko gishiri ya ji. Akwai na biyu, bayan an ƙara. Akwai na uku, don a tabbatar na biyun bai yi ƙarya ba. Gefen ƙwai da ya ƙone, ai ba a ba ɗan mutane wannan. Dankalin da ya fito a karkace, shi ma abin kunya ne a faranti. Ƙanzo kuwa zubar da shi alhaki ne. Ga lemon da take buɗewa "don maiƙo ya sauka". Duk ta ɗaga hannu sai ɗaliban da ke layi su haɗa baki: "Anti, roba!"

Mai shayin da ke maƙwabtaka da ita ya leƙo. "Auta, in ara miki bokiti ne?"

"Kai kuma ka ji da ruwan zafinka, tsohon gulma!"

Kafin la'asar roba ta cika ta yi tozo. Anti ta tsaya tana kallonta, ludayi a hannu. Abincin da ke ciki zai ƙosar da ɗaki guda na 'yan mata har su rage wa na gaba.

Ta ce, "Innalillahi. Ashe babbar kwastomata ni ce, ko na gode ban taɓa ce wa kaina ba. Ina nan ina zagin 'ya'yan mutane da olsa! Laifi tudu ne, ni nawa ma ba takawa na yi ba, shimfiɗa na yi a kai."

Ranar Litinin ta tuba, ta ɗaure bakinta. Sai girki ya rikice. Kaskon farko lami, na biyu kamar an kwaso shi daga teku. Wani dogo mai karatun lauya ya ajiye cokali ya ce, "Anti, in wani laifi muka yi miki, a gaya mana mu ba da haƙuri." Kafin tsakiyar mako layi ya fara komawa rumfar tsallaken titi. Gaba kura, baya siyaki: ta ɗanɗana, Inna ta kwance rumfa, ta ƙi, rumfa ta kwance kanta.

Tana cikin wannan zullumi sai ga Auta daga lacca, ta jingina da ginshiƙi, gwangwani a hannu, leɓe a bushe. Anti ta dube ta, ta dubi kasko. Ta fizge gwangwanin, ta cika cokali ta kai mata baki.

"Gishiri ya ji?"

"Yaya, ni fa na ƙoshi, na ci abinci."

"Wa ya ce ki ci? Ɗanɗano ba ci ba ne. Buɗe baki, ƙwai ya kusa ƙonewa."

Tun daga ranar Auta ta zama ma'aikaciyar ɗanɗano. In tana aji, Anti ta duba layi ta zaɓo wadda ta fi kowa kama da yunwa. Matsalar ɗaya ce: harshen Auta na asibiti ne. Komai aka ba ta sai ta ce, "Gishiri ya yi yawa. Man nan a rage." Ɗalibai suka yi ƙorafi, suka gaji, suka saba. Suna ma ya canza, yanzu Anti Rage suke cewa. Auta kuwa har kumatu ta fara ajiyewa, tana musu.

Ƙarshen wata Inna ta raka Anti asibiti da guduma a cikin jaka, ba wasa. Likita ya auna ya ce jini ya sauka, amma da saura, a ci gaba da magani, a riƙa ɗan tattaki. Inna ta ce to, ta ƙara mata wata guda.

Suka dawo rumfa, Inna ta zauna a benci, Anti ta ɗora mata taliya. Ana cikin hira, cokali ya tashi da kansa, ya kama tsohuwar hanyarsa. Inna jakarta kawai ta buɗe.

Cokali ya tsaya cak a ƙarƙashin hanci.

"Haba Inna," in ji Anti. "Shinshinawa nake. Shinshina ai ba ci ba ne."