Mudu Biyun Malam Kalilu

Malam Kalilu mutumin Augie ne, ɗan manoman albasa, sai dai shi noma bai karɓe shi ba. Shekarar da aka ba Kebbi jiha ya tattaro ya zo Birnin Kebbi, ya samu aikin masinja a wata ma'aikata, ya yi ta jigilar takardu daga wannan ofis zuwa wancan har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Ɗaki biyu ya kama a unguwar Nasarawa, a nan shi da matarsa Umma suka reni 'ya'ya huɗu suka aurar, gidan ya koma daga shi sai ita.

Ba shi da mota, ba shi da fili, amma yana da abin tinƙaho guda: shi ke ciyar da gidansa, kuma ko ƙwayar gero ba ta taɓa shigo masa daga hannun wani ba. Duk Juma'a bayan masallaci yakan biya rumfar Iya Alake, wata Bayarabiya da ta shekara talatin tana awo a unguwar, ya yi cefanen mako. Da kaya suka fara tsada, fansho kuma bai motsa ba, sai ya rage shinkafa daga mudu huɗu zuwa uku. Ya zuba ido ya ga abin da zai faru. Ba abin da ya faru. Umma ta kawo masa langarsa ɗakinsa a cike kamar kullum, ta ajiye ta fita, don shi kaɗai yake cin abinci, yadda ya ga ubansa yana yi. Da tsadar ta ƙaru ya mayar da shi mudu biyu, da ɗan garin masara, langa dai ba ta rage ba. Malam ya kaɗa kai ya ce ashe da can ɓarna ake yi.

Ana nan sai autarsu Sumayya, da ke aure a Argungu, ta haihu da kyar, sai da aka yi mata aiki. Umma ta ɗaure kayanta ta tafi za ta zauna da ita har arba'in. Maƙwabta suka ce za su riƙa aiko masa da abinci, Malam ya ce a'a, ya gode. Lissafinsa a fili yake: abin da baki biyu ke ci mako ɗaya, baki ɗaya zai ci mako biyu. Har ya fara tunanin kifin da zai saya da rarar.

Makon farko kam ba a magana. Mutumin da bai taɓa hura gawayi ba! Ranar Asabar shinkafar ta zama kunu, ranar Lahadi ta ƙone har maƙwabta suka leƙo. Da buhun shinkafar ya ƙare ranar Alhamis bai yi mamaki ba, ya ce kuɗin koyo ne. A mako na biyu hannunsa ya faɗa. Ya gano gwangwani nawa ke cika langarsa daidai inda Umma ke cika ta, yana aunawa a tsanake, ko ƙwaya ba ya bari ta faɗi. Ranar Alhamis da la'asar ya zura hannu a buhu, ya taɓo ƙasa.

Nan kansa ya ɗaure. Ya zazzage buhun, ya duba ko ya huje, lafiyarsa lau. Ya ce to ɓeraye ne, ya rataye sabon awon a ƙusa can sama, ya sa wa ɗakin girki kwaɗo. Ya zargi cikinsa, ya ce ko kaɗaici ke sa mutum ci, amma ai langar ita ce dai langar, ba ta ƙara girma ba. Mako na uku ma ranar Alhamis shinkafa ta yi sallama. Abin ya dame shi ƙwarai, har a sahun salla sai ya tsinci kansa yana ƙirga gwangwani.

Ranar Juma'a ya isa rumfar Iya Alake fuska a murtuke.

"Iya, mudun ga naki an buga mai gindi. Da shina kai mu mako mu biyu, yanzu ni ɗaya ba ya wuce Alhamis."

Iya Alake ba ta yi fushi ba. Ta aiko aka aro mudun maƙwabciyarta, ta juye awon a ciki a gabansa, ya cika har ya yi tozo.

"Malam, ka gani da idonka. Mudu biyu ai abincin mutum guda na, in dai shina cin rana da dare."

"Mutum guda? Mu biyu muka cin shi, shekara nawa!"

Ta ɗago ta dube shi, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta sunkuya ta ci gaba da ƙulla masa barkono. "To, sai ka tambayi Umma," in ji ta.

Wannan shirun nata ne ya tayar masa da hankali. A hanyar gida ya juya maganar ta kowace fuska, ta ƙi zama. Ko dai hannun mata ne ke da albarka? To albarka har ta ninka mudu? Can sai wani tunani ya faɗo masa. Umma 'yar Gulma ce, yayanta Tamba kuwa manomin shinkafa ne na ji da gani. Wato a ɓoye ake aiko mata! Wato shekara da shekaru Tamba ke ciyar da gidansa, shi kuma yana zaune a majalisa yana cika baki, surukai suna yi masa dariya a bayan ido. Kunya ta rufe shi tun kafin ya tabbatar.

Washegari da sassafe ya shiga motar Argungu, ko tsaraba bai tsaya saya ba. Gidan su Sumayya a buɗe yake, mata na ta shiga da fita, ya yi sallama ya kutsa kai. A tsakar gida ya tarar da wata mata zaune kan tabarma, ta sa kwanon tuwon shinkafa da miyar kifi a gaba, tana ci hankali kwance. Sai da ta ɗago ya gane Umma ce. Kumatunta sun ciko, wuyanta ya cika, cikin mako uku kacal. Shi kuwa duk zamansu ya ɗauka ramar nan haka Allah ya yi jikinta. Ya tsaya sororo, don sai a lokacin ya lura bai taɓa ganin matarsa tana cin abinci ba.

Ta yi sauri ta rufe kwanon, ta gaishe shi, ta shimfiɗa masa tabarma a gefe. Bai ko tambayi mai jego ba.

"Umma, tsakaninki da Allah, Tamba na aiko miki da shinkahwa?"

"Yaya Tamba? Wane irin zance na wanga, Malam? Ai ka hana."

Ya ji sanyi a ransa, amma sanyin bai daɗe ba.

"To in ba ya aikowa, ke mi kikan ci?"

Ta yi 'yar dariya, irin ta wanda aka tambaya abin da kowa ya sani. "Abin da kar rage mana. In babu, ga ƙanzon tukunya, in jiƙa shi da ƙuli."

"Ni? Ni da nika siɗe langa tas don ki san girkinki ya yi daɗi? Yaushe nit taɓa ragewa?"

"Kana ragewa, Malam," ta ce, tana son ta kwantar masa da hankali. "Duk randa masassara tak kama ka, ai rabi kaka ci."

Tausayi da kunya suka taru suka kama Malam Kalilu. Ana haka wata maƙwabciyar Sumayya ta kawo wa baƙo abinci a rufe, ta ajiye a gabansa. Ya buɗe, tuwo malmala uku, da kifi a kai. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya gutsuri loma ɗaya. Daga nan ya zauna riƙe da ita yana kallon kwanon, bai san inda ya kamata ya tsaya ba.