Ranar da Aka Ware wa Malam Ishaya Kwano a Kalgo

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Malam Ishaya, mutumin ƙasar Zuru da aikin koyarwa ya kawo Gwandu. Makaranta ɗaya muka koyar. Shi Kirista, ni Musulmi, amma ban taɓa cin abinci da wani sau da yawa kamar yadda na ci da shi ba.

Ishaya ya san inda ake girki mai daɗi. Baƙo ne, amma shi ke nuna wa ’yan gari hanya. Ya san mai furar da ba ta cika ruwa a Kambaza, ya san wane mai tsire ne ke yanka da safe. Duk ma’aikacin da aka turo daga nesa, wurinsa ake kai shi ya gaya masa inda zai ci, da inda zai zauna ya sha abu mai sanyi ba a tsare shi da ido ba. Ranar Asabar sai ya goya ni a babur mu tafi nema.

A haka muka gano Inna Tumba a Kalgo, a wata rumfar zana bayan tasha. Tuwon shinkafa take yi da miyar kifi, benci ɗaya gare ta, ƙuda sun fi masu saye yawa. Ishaya ya ɗanɗana miyar ya ce ba a yi wa matar nan adalci ba. Ya jawo malamai, ya jawo ma’aikatan ƙaramar hukuma, har direbobi ya riƙa tsayarwa. Kafin damina biyu rumfar ta zama shago, mu kuma muka zama ’yan majalisar wurin.

Sai farin tabo ya fito masa a hannu da gefen baki. Likita ya ce ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗauka. Kowa a majalisar ya ji wannan bayani.

Wata Asabar muka zauna, aka kawo babban tire kamar kullum. Inna Tumba ta biyo da wani tsohon kwano ta ajiye a gabansa.

“Malam, kai haƙuri,” in ji ta. “Mutane na ta magana. Ka koma daga baya, akwai inuwa.”

Na dubi abokanmu, mutanen da shi ya koya wa hanyar wurin. Ba wanda ya ɗago kai. Ɗaya ma ya jawo tiren gabansa. Na fara faɗa, Ishaya ya dafa ni, ya wanke hannun da bai ci da shi ba, muka fita. Muka hau babur muka koma Gwandu. Asabar ta zagayo, abokan suka koma suka ci abinsu. Daga baya hawan jini ya kwantar da shi, cikinsu ba wanda ya leƙo.

Watan jiya ɗan yayata ya ce zai kai ni wurin da ya fi ko’ina a Kalgo, wai a waya ya gani. Sai ga ni a ƙofar Inna Tumba. Ginin siminti, fanka, kujeru. Ta gane ni, ta riƙa faɗa wa baƙi, “Wannan abokin Malam Ishaya ne. Allah sarki Malam, ai shi ne uban gidan ga.” Na ce mata na ƙoshi, na jira yaron a waje.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ji ta. Ina jin na sani, kuma shi ke ƙara min ciwo. Ana saura ’yan watanni ya rasu, wata sabuwar malama ta tambaye shi inda za ta ci abinci idan ta je Kalgo. A gabana ya kwatanta mata shagon Inna Tumba. Da na harare shi sai ya ce, “To ƙarya zan yi mata? Miyarta ta fi ta kowa.”

Wannan hali ya bar min, kuma har yau ban iya ɗaukarsa ba. Idan aka tambaye ni inda za a ci a Kalgo, cewa nake ban sani ba.