Ko Yaya Sani Ya Ji "Na Yafe"?

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Malam Sani direba. Tun shekarar farko nake son rubuta wannan, sai in ɗauki biro in sake ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron masu ilimi su ce wannan mata tana damun jama'a da abin da bai kai ya kawo ba. Bana dai na ga idan na ci gaba da jinkiri, mutumin da nake nema zai iya barin garin, ko ya bar duniyar, ban tambaye shi ba.

Yaya Sani mota yake ja daga tashar Utako zuwa Gwagwalada. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kama mini shagon ɗinki a wani bene kusa da kasuwar Utako. Har ya koma ga Allah bai daina ce mini Auta ba.

A shekarar da zai rasu ne mai benen ya sa mana intanet ɗin nan marar igiya da ake kira waifai, ya ce irin mai gudu ne. Da safe kam gaskiyarsa, hoton ɗinki kafin ka ƙifta ido ya sauka. Amma da la'asar, idan masu shaguna da masu sayayya duk suka hau, wannan na kallon ƙwallo, wancan na sauke fim, sai murya ta riƙa zuwa a makare. Na kai kuka wurin Yaya, na ce ga sandunan sabis a cike amma magana sai ta ga dama. Ya yi dariya ya ce, "Auta, titin filin jirgi ba faɗi gare shi ba? To ki hau shi lokacin tashin ma'aikata ki gani. Maganarki ce ta shiga goslo, ki ba ta haƙuri."

Da ciwonsa ya tashi aka kwantar da shi a asibiti a Gwagwalada. Na je na duba shi, na baro shi da sauƙi, har yana tsokanata. Washegari da la'asar, ina shago, matarsa Rabi ta kira ni kiran bidiyo ta ce ga yayanki. Sai numfashinsa ya canja, ta miƙa wayar ga wani mutum da ke jinyar ɗan'uwansa a gadon kusa, ta fita kiran nas.

Yaya ya dubo ni ya ce, "Auta, ki yafe mini."

Na ce, "Haba Yaya, me ka yi mini?" Abin da kowa ke fara faɗa ke nan. Na buɗe baki, na kai "Na ya...", sai muryarsa ta shigo. Na yi shiru, don a gidanmu ba a katse babba. Ashe cewa yake, "Kina ji na?" Ya yi shiru shi ma. Na sake farawa, muka sake karo, na sake ba shi hanya. Ban san cewa abin da nake ji ya riga ya wuce a can ba. Ladabin da nake yi masa, shi a wurinsa shiru ne kawai.

Sai na ga ya kau da kai ya ce wa mutumin, "Ta yi shiru."

Mutumin, da alama Hausa ba yarensa ba ce, ya ce, "Oga, ka jira kaɗan, magana yana zuwa. Netwok ne."

Nan na manta da ladabi. Na ɗaga murya na yi ta cewa na yafe, duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Amma hoton ya riga ya tsaya, wani ɗan zobe yana ta juyawa a kan fuskarsa. Na sauka ƙasa da gudu, na kunna data, na sake kira, ba a ɗauka ba. Kafin in isa Gwagwalada an lulluɓe shi.

Rabi ta ce da ta dawo da nas ta tarar da wayar a kan gado, kiran ya katse. Ruɗanin rasuwa bai bar mu mun tuna da mutumin ba sai bayan addu'ar bakwai, lokacin an sallami majinyacinsa.

Na tambayi malamai, sun ce yafiya ba ta bukatar sabis, Allah ya ji. Na yi imani da haka. Tsorona shi ne a ce abin da yayana ya tafi da shi daga gare ni, shi ne fuskar da ba ta amsa ba. Na tambayi masu gyaran waya. Ɗaya ya ce muryar da ta makara layi take bi, ƙarshe tana isa. Wani ya ce idan cunkoso ya yi yawa zubar da ita ake yi a hanya. Kowannensu ya faɗa ba tare da shakka ba, na dawo gida da tsoro biyu.

Da Yaya zai leƙo yau, zai ga an ƙara kafa ƙarafunan sabis, wayoyi sun ƙara tsada, kowa na fariyar gudun nasa. Na san zai tambaya, to goslon fa? Yana nan. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ko ranar babban wasan ƙwallo, zoben nan yana dawowa, kuma duk sa'ad da na gan shi sai in kife wayar.

Mahaifiyarmu tana Yangoji, ta tsufa. Yanzu idan na kira ta, kafin ina wuni nake cewa, "Inna, ki yafe mini, ni ma na yafe." Takan ce, "Ke Auta, mutuwa kike kira mini? Gaishe ni tukuna, marar kunya." In gaishe ta. Gobe kuma in sake.

Motar Yaya an sayar, 'ya'yansa sun girma, ƙaramin ya ɗauko dariyarsa sak. Haƙurin da ya koya mini a kan hanya da mutane yana nan tare da ni, sai a wannan abu ɗaya da na kasa.

Don haka nake roƙon masu karatu. Wanda ya san aikin nan da gaske, ya gaya mini ina murya take zuwa idan hoto ya tsaya. Kai kuma bawan Allah da ka riƙe wa wani direba waya a asibitin Gwagwalada shekara shida da suka wuce, ko wanda ya taɓa jin ka ba da labarin, a aiko ta hannun wannan jarida. Kada ka tausaya mini, gaskiya nake so. Kai ka ce masa ya jira, magana tana zuwa. Ta zo?