Shekarar da Kaka Ta Musanya Ayar Ƙanwarta

Kakata Deok-im, mahaifiyar babana, ta sauke Littafi Mai Tsarki sau goma sha tara, bango zuwa bango. Takardun shaida suna nan a akwatina. Kowace shekara cocinmu kan raba wata takarda mai ƙananan gidaje, gida ɗaya sura ɗaya, in ka karanta sura sai ka cike gidanta da biro. Wanda ya cike duka kafin Kirsimeti sai a kira shi gaba a ba shi tawul mai sunan coci. Har na girma ban taɓa ganin an sayi tawul a gidanmu ba.

Ƙanwarta Ok-bun kuwa ko gida ɗaya ba ta taɓa cikewa ba. Suna yara ubansu ya ce ɗaya kaɗai zai iya sa wa a makaranta, aka sa babbar, ƙaramar ta bi uwarsu laka. A tsibirinmu in teku ta ja da baya sai mata su shiga lakar da ta bari, har gwiwa, suna tonon kaguwa da katantanwa. A nan Ok-bun ta ƙare ƙuruciyarta. Ko sunanta aka rubuta ba ta gane shi.

Abin da take da shi aya ɗaya ce a shekara. Lahadin farko na Janairu akan zagaya da kwando cike da ƙananan katuna, kowa ya rufe ido ya zari ɗaya, ayar da ke jiki ita ce tasa ta shekarar. Fasto Yeom ke zaɓar ayoyin, duk na alkawari da albarka, Kaka ke rubuta su saboda kyan hannunta. Yawancin mutane kan cusa katin cikin Littafi su manta da shi tun ƙanƙara ba ta narke ba. Ok-bun kuwa sai ta juya ta miƙa wa yayarta da hannu biyu, ta ce, "Yaya, karanta mini." Kaka ta karanta sau uku, ita kuma ta haddace. Daga nan sai ta shekara tana tuƙa ayar kamar saniya, a laka, a bakin murhu, a hanyar jirgin fito, leɓenta na motsi. Takan yi wata guda a kan kalma biyu.

"Wai bimbini!" in ji Kaka. "Mutum ya shekara yana tsotsar ƙashi ɗaya, ga tukunya cike da nama."

Amma duk tsibirin nan babu abin da take so kamar a miƙo mata katin nan a gaban jama'a. Sai ka ga ta gyara zama, ta ɗora tabarau a hanci, ba ta sauri.

Abin da ya hana ta sakat shi ne takalma. In wata ta yi ɓari, ko jirgin wani ya fita bai dawo ba, ba gidanmu ake zuwa ba. Sai a biyo ta ƙofarmu, a rusuna a gai da Kaka, a gangara gidan Ok-bun. Kaka ta yi kamar tana shanya barkono a kan katanga, alhali takalman da ke ƙofar ƙanwarta take kallo.

Duk wannan tana haɗiyewa, har shekarar da guguwa ta yayyage ragar da babana Jae-gon ke noman ciyawar teku a kanta, wahalar shekara ta bi ruwa. Ya kwanta ya juya fuska bango, ba ci ba magana. Kaka ta zauna a kansa ta jero masa ayoyi goma sha ɗaya, kowace da surarta da lambarta. Bai juyo ba. Ran kwana na huɗu ya tashi ya gangara gidan innarsa Ok-bun. Da la'asar ya dawo ya ce a zuba masa shinkafa.

"Me ta ce maka?" Kaka ta tambaye shi.

"Ba wani abu, Mama. Tafarnuwa ta sa ni ɓarewa. Tana ta maimaita ayarta, wai Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya. Sai ta ce mini, kusa kamar yaya, kamar maƙwabci ko kamar numfashi?"

"Ai ita ce ta bakwai cikin waɗanda na karanta maka!"

"Na sani, Mama. Sai a can na ji ta."

Kaka ta dangwara masa kwanon ta fita.

Da Janairu ta zo, Ok-bun ta zari katinta ta miƙo. Kaka ta duba, sai ga alkawari mai daɗi, na mutumin da zai zama kamar lambu mai shan ruwa, kamar maɓuɓɓugar da ba ta ƙafewa. Ta gaya mini daga baya wai a ranta ta ce: har wannan ma ita za a ba? Sai ta kafa ido a kan katin ta karanto wata aya dabam daga ka. Ta ɗauko ta ne daga ƙarshen wata wasiƙa ta cikin Littafin, inda wani manzo yana kurkuku yake yi wa wani matashi sallahu: in za ka zo, ka taho mini da rigar sanyin da na bari a gidan wane. Sau uku ta faɗa, kamar kullum.

"Shi ke nan, Yaya? Riga?"

"Shi ke nan. Je ki tsotsa."

Ba a kai ga waƙar rufewa ba tsoro ya kama Kaka. Lahadin ƙarshe na kowace shekara Fasto kan kira mutum ɗaya ya ba da shaida a kan ayarsa, kuma sai ya karɓi katin ya karanta wa jama'a tukuna. In aka kira Ok-bun, asiri ya tonu, ƙanwarta ba za ta ƙara yarda da bakinta ba. Ta lallashi kanta da cewa aya irin wannan ba ta da romo, mako ɗaya za a yi a dawo ana neman wata.

Ba a dawo ba. Sai dai Ok-bun ta riƙa tsayawa a ƙofarmu da kwandon kaguwa a ka, laka har cinya.

"Yaya, ashe manzo ma yana jin sanyi."

Bayan wata guda: "Yaya, kin ga bai ji kunyar roƙo ba. Ni shekara ashirin rabona da miji, ban taɓa ce wa kowa ina jin sanyi ba. Ashe girman kai ne."

Da bazara: "Mutumin da aka bar wa rigar fa, Yaya? Bai sa ba, bai sayar ba, ya adana. Shi ma aikin Ubangiji ya yi, ga shi ko wa'azi ɗaya ba a ce ya yi ba."

Kaka ta ce wata rana, "Kawo katin nan in sake rubuta miki sabo, ya yi datti."

"A'a, Yaya. Gumina ne a jiki, bar mini shi." A cikin leda take ɗaure shi, a aljihun ciki.

Da iska ta fara sanyi sai tunanin Ok-bun ya koma kan matashin: in bai kai rigar ba fa? Daga nan ta shiga bin gidajen matan da mazansu suka rasu, tana roƙon rigunan sanyin da ke kwance a akwatuna. Ta wanke, ta ɗinke, ta kai wa tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi birnin Mokpo suka bar su, da baƙin da ke aikin gishiri a bayan tsibiri. Har ta marigayi kakanmu, mijin Kaka, ta zo ta roƙa. Kaka ta jefo mata ita ta taga.

Ranar da matan unguwa suka taru a gidanmu haɗa kimchi, wato kabeji mai barkono da ake adanawa don hunturu, hannuwa jajur da barkono, matar mai jirgin fito ta dubi Kaka.

"Ke Deok-im, sauka goma sha tara, riga nawa kika tsinta a ciki?"

"Ji mai magana. Ke da kike riƙe littafin waƙa a kife?"

"A kife ko a miƙe, muryata ta fi taki. Af, kun ji kuwa? Fasto ya ce bana Ok-bun ce mai shaida."

Mata suka yi guɗa. Kaka ta ci gaba da cusa barkono cikin kabeji ɗaya har ya yage.

Lahadin ƙarshe coci ya cika, masu aikin gishiri suna baya sanye da rigunan matattunmu. Ok-bun ba ta taɓa hawa gaba ba. Don ruɗewa ko hannun da Fasto ya miƙo ba ta gani ba, ta damƙe katin a tafinta ta fara magana. Fasto ya janye hannunsa ya bar ta. Ta faɗi ayarta, ta faɗi abin da ta samu a ciki wata bayan wata, da muryar da take cinikin kaguwa. Ta ce a shekarar nan ta koyi cewa Allah bai raina sanyin jikin mutum ba, tunda ya bari aka rubuta zancen riga a Littafinsa. Na ga babana yana share ido da hula.

Fasto Yeom ya tashi ya ce, "Ni dai ban tuna na sa wannan aya a kwando ba. Amma ko ta ina ta shiga, Ubangiji ne da kansa ya zaɓa wa baiwarsa."

Jama'a suka amsa da amin. Ba wanda ya ƙara tunawa da kati. Kaka ta tsira, abin da ya rage mata kawai ta yi shiru.

Sai ta miƙe tsaye.

"Ni ce! Ni na zaɓa mata! Ai ba ta cikin kwando, daga kaina na ɗauko ta. A cocin nan wa ya san akwai ta in ba ni ba?"

 Sai da ta ji muryarta ta dawo mata daga bango sannan ta gane abin da ta yi. Ok-bun ta buɗe tafinta ta dubi katin, ta dubi yayarta.

"To me ke jikin wannan, Yaya?"

 Fasto ne ya karɓa ya karanta zancen lambu da maɓuɓɓuga, a hankali.

Ok-bun ta gyaɗa kai. "Na sauran shekarun fa?"

"Na rantse waɗancan daidai na karanta miki."

"To ni yaya zan yi in sani?"

Ok-bun ta sauko ta zauna a wurinta, kusa da Kaka.

Mako ɗaya tsakani aka zagayo da kwando. Ok-bun ta rufe ido ta zara. Kaka har ta ɗora tabarau, hannunta a buɗe a kan cinya. Ok-bun ta naɗe katin cikin leda ta sa a aljihu, idonta na gaba. Washegari ta sayi fensir ta shiga ajin da aka buɗe wa tsofaffin mata a zauren ƙauye, tana da shekara sittin da shida. Sai lokacin girbin sha'ir ta iya karanta katin da kanta, harafi bayan harafi. Ba ta yi gaba da yayarta ba. Kaguwa ba ta fasa zuwa gidanmu ba, kuma da Kaka ta kwanta ciwon ajali ita ta yi jinyarta. Katinta ne dai bai ƙara shiga hannun kowa ba.

A wannan kwanciyar Kaka ta ba ni labarin dalla-dalla, ran da Ok-bun ta fita dafa mata kunu. Ta ce kada in rage komai.

"Abin da ya fi ci mini rai," in ji ta, "busasshen ƙashi na jefa mata don ta ji haushi, ta dafa shi ta ciyar da tsibiri. Ni da na ba ta har yau ban ɗanɗani komai a ayar ba."

Na tambaye ta ko in rubuta cewa ta yi nadama.

 "Rubuta," ta ce. "Amma ki tabbata kin rubuta cewa ni na zaɓa."