Malama Kuramochi, Mai Farautar Furfura

Kowace safiya Malama Kuramochi takan hau tsohon kekenta, wanda muka gaji da roƙonta ta ɗiga masa mai. Kafin ta iso makaranta sai ta tsaya ƙofar masana'antun garinmu na Tsubame, tana ƙare wa kawunan ma'aikata kallo. Mu abokan aikinta mukan tsokane ta: "Malama, miji ake nema ne?" Sai ta ce, "Furfura nake nema."

Aikinta sama wa 'yan ajin ƙarshe wurin aiki. Kun dai san ƙa'ida: kamfani ɗaya tak ɗalibi ke nema a tashin farko. In ya zaɓi rami, mu muka raka shi.

Ba na manta shekarar Chinatsu, 'yar mai sayar da awara, ga kai ga taurin kai. Ta kafe sai wani kamfanin talla a Tokyo mai albashi da tsoka. Malama ba ta ja da ita ba. Jirgin ƙasa suka hau, suka tsaya bakin kamfanin lokacin tashi daga aiki.

"Nuna min mai furfura ko ɗaya," in ji Malama.

"Haba Malama, ai duk matasa ne, abin da ya burge ni ke nan!"

"To waɗanda suka shiga da ƙuruciyarsu shekarun baya fa? Ƙasa ta haɗiye su?"

Washegari Malama ta kai Chinatsu wata 'yar maƙerar butocin tagulla, inda tsofaffi ke kama hannun sababbi suna koya musu bugun guduma. Albashin ba yabo ba fallasa. Yarinya ta sha kuka, uwarta ta daina gaida Malama, amma can ta nema.

Ke ce kika jure harara don 'ya'yan wasu, Malama. Ke ce mai hangen inda mutum zai tsufa, ba inda zai kwana ba.

Ran walimar ritayarki na ga abin da ya sa ni hawaye. Chinatsu, wadda yanzu ita ke shugabantar maƙerar, ta rusuna gabanki ta ƙi ɗagowa.

"Ke, tashi mana!" kika ce mata.

"Sai kin duba furfurata, Malama. Saboda wannan ranar na daina rina gashi."

Mun gode, Malama. Ku kuma masu raka yara neman aiki, kafin ku tambayi albashi, ku je bakin ƙofa ku duba kawuna.